Kafin Ka Tsallaka Gada da Kuɗin Kirifto

Mutum zai sayi USDT, ya ga kuɗinsa sun zauna lafiya a walet, sai wata buƙata ta taso masa a wani netwok daban. Nasa suna kan Tron, abin da yake so ya saya kuma yana kan Arbitrum ko Solana. Nan ne abokai za su ce masa ya bi ta gada, ai minti biyu ne. To, ɗan'uwa, kafin ka danna komai, ya kamata ka san abin da gadar take yi da kuɗinka.

A yawancin gadoji, kuɗinka ba sa zuwa ko'ina. Ana kulle su ne a netwok ɗin farko, sannan a ƙera maka wani token a ɗaya gefen wanda yake tsaye a madadinsu. Kamar ka damƙa wa ɗan canji kuɗi a Kano ya ba ka takarda, ka je Maraɗi kana ciniki da takardar saboda kowa ya yarda akwai kuɗi a bayanta. Ranar da aka fasa shagon na Kano, takardar da ke aljihunka ta zama takarda kawai, ko da ba kai ka yi sakaci ba.

Kuma an sha fasa shagon. A Fabrairun 2022 an kwashe kimanin dala miliyan 320 daga gadar Wormhole, wadda ke haɗa Ethereum da Solana. Wata guda bayan haka aka shiga gadar Ronin ta wasan Axie Infinity, aka tafi da sama da dala miliyan 600. Makullai tara ne ke tabbatar da fitar kuɗi a gadar, ɓarayin suka mallaki biyar, kuma sai da aka yi kusan mako guda kafin a farga. Daga baya hukumomin Amurka suka ɗora laifin kan gungun Lazarus na Koriya ta Arewa. A Agustan shekarar aka wawushe kusan dala miliyan 190 daga gadar Nomad. Wanda ya fi damuna shi ne na gadar Multichain a Yulin 2023. Sama da dala miliyan 120 suka fice, sannan ma'aikatan suka sanar cewa 'yan sandan China sun tsare shugaban kamfanin tun watan Mayu, kuma makullan gadar suna hannunsa. Mutanen da ke riƙe da USDC na wannan gada a netwok ɗin Fantom suna zaune a gidajensu, ba su taɓa komai ba, suka wayi gari darajar abin da ke walet ɗinsu ta zube.

Saboda haka tambaya ta farko ita ce: dole ne sai ka bi ta gada? Sau da yawa ba dole ba ne. Idan kana da asusu a babbar kasuwar musayar kirifto, kana iya zuba USDT ta Tron ka cire ta BNB Chain ko Arbitrum, ka biya ɗan kuɗin cirewa. Ita ma wannan hanya amana ce ka ba wani, amma ta 'yan mintoci ce, kuma abin da zai fito maka token ne da aka sani. Idan USDC ne, kamfanin Circle da ke fitar da shi ya kawo tsarin CCTP a 2023, wanda ke ƙone token ɗin a wannan gefe ya fitar da na asali a wancan, ba tare da tara kuɗi a wani rumbu ba. Shi ya sa za ka ga USDC da USDC.e a netwok ɗaya. Na biyun ta gada ya shigo. Idan shi ya faɗo maka, ka canja shi zuwa na asali da wuri, kada ka mai da shi ajiyar watanni.

In kuwa gadar ta zama dole, ka fara da wadda masu netwok ɗin suka gina da kansu. Sai dai ka sani cewa komawa Ethereum daga Arbitrum ko Optimism ta gadarsu ta asali yana ɗaukar kimanin kwana bakwai, domin tsarin ya ba da wannan wa'adi ne don a ƙalubalanci cinikin bogi. Wanda ke da bashin da zai biya jibi, wannan hanya ba tasa ba ce.

Sai batun kuɗin gas, inda sababbi suka fi maƙalewa. Kowane netwok da nasa token ɗin biyan aiki: ETH a Ethereum da Arbitrum da Base, BNB a BNB Chain, TRX a Tron, SOL a Solana, POL a Polygon, wanda a da ake kira MATIC. Ka tsallaka da USDT na dala dubu babu ko ƙwayar token ɗin gas a can, za ka riƙa kallon kuɗinka a fuskar waya ba ka da ikon motsa su. Ka tura gas tukuna. Haka nan kada ka share wanda ke gefen da ka baro, wata rana za ka dawo.

Ka gwada da kaɗan. Tura na dala biyar, ka jira ka gan shi ya sauka, sannan ka tura sauran. Na san biyan gas sau biyu yana da ciwo, musamman a Ethereum, amma ciniki a bulokcen ba ya komawa baya, babu manajan banki da za ka je wurinsa. Ka lura da adireshi: na Tron da T yake farawa, na Ethereum da BNB Chain da Arbitrum da Polygon duk da 0x suke farawa, kuma iri ɗaya ne sak. Idan ka yi kuskuren netwok zuwa walet ɗinka na kanka, galibi za ka ga kuɗin da zarar ka buɗe wancan netwok ɗin a MetaMask ko Trust Wallet. Idan adireshin kasuwar musaya ne, sai yadda suka ga dama. Kada kuma ka kwafi adireshi daga tarihin cinikinka, domin 'yan damfara suna turo ɗan abin da bai kai kobo ba daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da naka, suna jiran ranar da za ka kwafa cikin gaggawa.

Shafin gadar ma ana yin na bogi, har a biya talla ya hau saman sakamakon Google. Ka samo adireshin daga shafin netwok ɗin na asali, ka adana shi, kullum ka shiga ta nan. Idan walet ya nemi izininka na taɓa token, ka rubuta iya adadin da za ka tura, kada ka amince da izini marar iyaka. Tsofaffin izini kuwa ka riƙa soke su lokaci zuwa lokaci a Revoke.cash ko Etherscan. Wanda kuɗinsa suka bazu a netwok huɗu ko biyar ya samu ɗan littafi ya rubuta me ke ina, ta wace gada ya shiga, da lambar kowane ciniki.

Idan kuɗi suka maƙale a hanya, ka ɗauki lambar cinikin ka duba a Etherscan ko Tronscan ka ga ko sun fita daga gefen farko. Wasu gadojin sai ka koma ka danna karɓa da hannunka a ɗaya gefen. In ka yi cigiya a Telegram ko X, cikin mintoci wasu za su biyo ka ta saƙon sirri da sunan ma'aikatan gadar, da ladabi da hoton kamfani, su ce ka shigar da kalmomin sirrin walet ɗinka 12 ko 24 a wani shafi don a gyara maka. Babu gadar da ke buƙatar waɗannan kalmomi. Ka rufe saƙon, ka kai ƙorafinka ta hanyar da ke rubuce a shafinsu na asali, tare da lambar cinikin da sunan netwok biyun.