Darasi: Barci a Lokacin Hayaniyar Siyasa

'Yan'uwa manoma, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, hirar dare ta koma kan siyasa da tsadar taki. Mutum ya kwanta, amma zuciya tana ta bugawa. Dalili kuwa, jiki yakan ɗauki labari mai ban tsoro kamar haɗari ne a bakin ƙofa, sai ya ƙi sakewa. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Wanda bai samu ba, da safe fartanya takan yi masa nauyi, ga saurin fushi.

Ga abin yi:

1. A ji labarai sau ɗaya a rana. A kashe rediyo da waya awa ɗaya kafin a kwanta.
2. A bar goro da shayi bayan azahar. Wajen rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jini bayan awa 5.
3. Ban da gardamar jam'iyya a kan tuwon dare.
4. In barci ya ƙi, a tashi a ɓare gyaɗa har ido ya yi nauyi.

Tambaya don taron ƙungiya: Cikin abubuwan da ke hana mu barci, wanne za mu iya magancewa tare?