Cututtukan Gona da Feshi Ba Ya Warkarwa, da Maganar Gyaran Iri

 A aikina na malamin gona, akwai wata asara da nake gani kowace damina a ƙauyukanmu na Anka, Gummi da Bukkuyum, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Manomi zai sayar da akuya ko ya ci bashi ya sayo maganin feshi, ya yi ta kwarara wa shukar da ba za ta warke ba. Cututtukan da ƙwayar bairos ke haddasa wa tsirrai ba su da maganin feshi, a nan ko a Turai. Idan ƙwayar ta shiga jikin tsiro, ta zauna ke nan. Iri mai juriya da kyakkyawan tsarin noma su ne ke tsare gona daga gare ta.

Mu fara da kuturtar gyaɗa. Gindin da ya kamu yakan tsugune wuri ɗaya, ganyensa ya ƙanƙance ya cukurkuɗe, wani ya koma ruwan ɗorawa, wani ya yi kore mai duhu. Ka tuge shi ka kakkaɓe ƙasar, ba za ka samu komai ba sai 'yan kwanso biyu ko uku, su ma galibi babu ƙwaya. Darɓa ce ke yaɗa ta, waɗannan ƙananan ƙwari baƙaƙe da ke cunkushewa a kan tohon gyaɗa suna tsotson ruwansa. Ta tsotsi mai ciwo, ta tashi ta sauka kan mai lafiya, shi ke nan. Cutar ba ta bin ƙwayar iri.

Dattawanmu ba su manta da shekarar 1975 ba. A shekarar, kuturta ta cinye kusan hekta 700,000 na gyaɗa a Arewacin Najeriya, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 250. Tana cikin abubuwan da suka karya noman gyaɗar da ya gina dalar gyaɗa ta Kano. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da cibiyar ICRISAT, sun ɗauki shekaru suna barbarar iri mai juriya da iri mai saurin nuna. A 2001 aka fitar da SAMNUT 21, 22 da 23, a 2011 kuma SAMNUT 24 mai nuna da wuri. Aiki ne mai albarka, sai dai fitar da iri ɗaya ta wannan hanya yakan ci shekara goma ko fiye.

A fadamun da ke bin Gulbin Zamfara kuwa, abin tsoron shi ne cutar rawayar shinkafa. An fara gano ta a Kenya a 1966, yanzu ta bazu a ƙasashen Afirka masu noman shinkafa, har da Najeriya da Nijar. Da yawa in sun ga ganye ya yi rawaya sai su ce yunwar taki ce, su ƙara yuriya. Ka duƙa ka duba ganyen da kyau. Yunwar taki takan fara daga tsofaffin ganyaye, kuma launin yakan zo bai ɗaya. Cutar kuwa ɗige-ɗige ce da zane-zane a tsawon ganye, shukar ta gajarce, zangarniya ta kasa fitowa gaba ɗaya, abin da ya fito kuma ya zama ƙaiƙayi. Ƙananan ƙwari masu cin ganye suna ɗaukar ta, haka ma lauje, da hannun mai dashe, da shanun da suka ratsa gona.

A nan ne maganar gyaran ƙwayoyin gado ta shigo. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Bairos ba ya iya hayayyafa da kansa, dole sai ya sami wani sinadari a cikin tsiron da zai yi amfani da shi. Idan masana suka gano ƙwayar gadon da ke samar da wannan sinadari, sukan yi mata ɗan gyara ko su kashe aikinta, sai cutar ta shigo ta rasa mai taimaka mata. Dabarar da aka fi amfani da ita ana kiranta CRISPR. An bayyana ta a 2012, kuma mata biyun da suka jagoranci aikin, Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna, sun sami kyautar Nobel a 2020.

An gwada, an kuma ga sakamako. A 2016 masana a Isra'ila sun gyara kokwamba ta jure wa cututtukan bairos uku. A 2019 masu bincike na cibiyar IITA a Nairobi sun kashe aikin wani bairos da ke ɓoye cikin ƙwayoyin gadon agada. Wanda ya fi shafarmu shi ne na shinkafa. Tun da daɗewa an lura cewa wasu nau'o'in shinkafar gargajiya ta Afirka ba sa kamuwa da rawaya, saboda wata ƙwayar gado da ba ta aiki a jikinsu. Masana daga Jamus da Faransa suka kashe aikin takwararta a shinkafar Asiya, wato dangin wadda muke nomawa yanzu, kuma a rahoton da suka buga a 2024 sun nuna cewa shukar ta jure cutar. Abin da Allah Ya riga Ya halitta a shinkafar kakanninmu shi suka kwaikwaya.

Ana yawan tambayata ko wannan shi ne GMO. Akwai bambanci. Waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 an sanya masa ƙwayar gado daga wata halitta daban domin ya kare kansa daga tsutsar da ke cin furen wake da kwansonsa. A irin gyaran da na bayyana kuwa, abin da tsiron ke da shi ake taɓawa, ba a bar masa wani baƙon abu a ƙarshe. Hukumar NBMA, mai kula da amincin waɗannan fasahohi, ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙwayoyin gado a Disambar 2020, Najeriya ce ta farko a Afirka da ta yi haka. Kowane iri sai ya bi ta hannunta, kuma haƙƙin manomi ne a gaya masa abin da ake sayar masa, ya zaɓa da saninsa.

Shinkafar nan da aka gyara tana hannun masu bincike, ba ta iso kasuwa ba. Duk wanda ya kawo maka iri a leda ranar kasuwa ya ce gyararre ne da ba ya kamuwa da kowace cuta, yaudararka yake yi. Bairos ma yana sauya kama, shi ya sa ko iri mai juriya yana buƙatar kulawar manomi.

Kafin sabon ya iso, akwai abin yi. Ka nemi ingantaccen irin SAMNUT daga dillali mai rajista. Ka shuka gyaɗa da zarar damina ta kankama, ka kuma matse tazara, domin darɓa ta fi sauka a gonar da ake hango ƙasa tsakanin gindi da gindi. Ka tuge wadda ta kamu tun tana ƙarama ka binne. Kada ka bar gyauron gyaɗa ko na shinkafa ya kwana rani a fadama, nan cutar ke fakewa. Ka share ciyawar bakin kunya, ka duba bedi kafin dashe.

Na san rashin tsaro ya sa da yawanmu ba sa samun shiga gona sai damina ta yi nisa, kuma shukar baya ita kuturta ta fi kamawa. Wannan ya sa buƙatar iri mai juriya ta fi tsanani a yankinmu. Ina kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumominmu uku da su sa kuɗi a ninka irin da Samaru ta riga ta fitar, ya isa ƙauye kafin ruwan farko. Masu bincike kuma su kawo gwajinsu fadamun Gummi da Bukkuyum, manomi ya gani da idonsa. Kai kuma ɗan'uwa, in ka ga ganye ya sauya, ka tugo gindi ɗaya ka kai wa malamin gona kafin ka kashe ko sisi a kan magani.