Filin Shawarwari: Likita Ya Rubuta "Disuriya", Inna Ta Ƙi Komawa Asibiti

Mahaifiyata mai shekara 58 ta yi kwana biyar tana jin zafi duk sanda za ta yi fitsari. Likita ya rubuta "disuriya" a katinta. Wata maƙwabciya ta ce ai sanyi ne, shi ke nan Inna ta ƙi komawa asibiti don kunya. Mene ne ma'anar kalmar?
Daga mai karatu a Gusau

'Yar'uwa, Allah Ya ba Inna lafiya.

Disuriya kalmar Girkanci ce, ma'anarta fitsari da wahala. Abin da Inna ke ji kawai likita ya rubuta, bai kai ga faɗin cutar da ta jawo shi ba. Kalmar kuwa ta daɗe. Littattafan Hippocrates, wanda Larabawa ke kira Abuƙiraɗ, sun ambace ta sama da shekara 2,000 da suka wuce, tare da 'yar'uwarta sitiranguriya, wato fitsarin da ke fitowa ɗigo-ɗigo sai da yunƙuri. Ibn Sina, da ya kammala littafinsa Alƙanun a 1025, "usrul bauli" ya kira wahalar fitsari.

Matsalar tana wajen "sanyi", kalmar da Bahaushe ya ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta. Da ita ake kiran cutar saduwa wadda Albert Neisser ya gano ƙwayarta a 1879, kuma da ita ake kiran ƙaiƙayi da kusan duk wani ciwon mara. Haka dattijuwa za ta zauna a ɗaki da raɗaɗi, tana gudun zargin da bai shafe ta ba. Wannan abin takaici ne ƙwarai, domin a mata mafi yawan zafin fitsari daga ƙwayar hanji ne mai suna E. coli, wadda ke saurin kaiwa mafitsara saboda hanyar fitsarin mace ba ta wuce kimanin santimita 4 ba. Bayan ɗaukewar al'ada abin ya fi yawaita.



A lallashi Inna ta koma a auna fitsarinta, kuma a duba mata suga. Kada a saya mata kafso a kemis da ka. In zazzaɓi ya shigo, ko amai, ko ciwon kwiɓi, a kai ta asibiti a ranar, don alama ce ciwon ya hau ƙoda.