Sauya Lasifikar Mota da Daidaita Ta da Amfilifaya

Hakimai da malamansu sun sani ba a isar da umurnin hukuma ga jama'a sai da murya mai kaiwa nesa. A da sanƙira ke yin wannan aiki, yanzu kuwa mota a kan ɗora wa lasifika ta zaga ƙauyuka. A gari irin Araba, cikin ƙasar Illela, daf da iyaka wajen Birnin Ƙonni, inda fatake da masu shanu su ke wucewa kowace Lahadi don cin kasuwar Illela, in na'ura ta mutu ana tsakiyar shelar allurar riga-kafi, to, sai kuma wani mako. Saboda haka ya kamata kowane malamin hakimi ya san abin da za mu bayyana a nan.

Lasifikar da mota ta kan zo da ita ƙarama ce, an yi ta don na cikin mota kaɗai. Sauya ta ba laifi ba ne. Kuskuren shi ne a sayo babba a ɗaura ba tare da lissafi ba, amfilifaya ta ƙone, kuɗin jama'a ya salwanta.

Mene ne turjiya?

A cikin lasifika akwai siririyar waya naɗaɗɗiya a tsakiyar maganaɗisu. Wasu Amurkawa biyu, Rice da Kellogg, su suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma shi a ke bi har yau. Wayar nan ta kan tare wutar da amfilifaya ta ke turowa, ba ta barinta ta kwarara yadda ta ga dama. Wannan tarewa ita mu ke kira turjiya. Ana auna ta da om, sunan wani malami Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idarta a 1827. Yawancin lasifikun mota om 4 ne, na ɗaka om 8, masu bakin kakaki kuwa 8 ko 16.

Ƙa'idar ita ce, in turjiya ta ragu da rabi, wutar da a ke ja ta ninka. Ga misali. Amfilifaya ta tura bolt 12 cikin om 4, wutar da za ta bi amfiya 3 ce, ƙarfinta wat 36. Cikin om 2 sai ta zama amfiya 6, wat 72. Cikin om 8 kuwa amfiya ɗaya da rabi, wat 18. Watau in turjiya ta yi yawa murya ce kawai za ta ragu, amma in ta gaza abin da aka rubuta a jikin amfilifaya, sai ta yi zafi ta ƙone, balle da bazara, sa'ad da zafin ƙasar Sakkwato ya kan haura digiri 40.

Haɗa lasifika biyu

Ku ɗauki misalin garken shanu. In aka buɗe ƙofa biyu gefe da gefe, shanu za su fita ninki biyu. Haka in aka ɗaura lasifika biyu masu om 4 kafaɗa da kafaɗa, kowace da wayoyinta daga bakin amfilifaya guda, turjiya ta koma om 2. In kuwa aka jera su bi da bi, wuta ta ratsa ta farko sa'an nan ta shiga ta biyu, turjiya ta zama om 8. Masu om 8 guda biyu kafaɗa da kafaɗa su ke ba da om 4 daidai.

Abin da malami zai kiyaye

1. Ya karanta mafi ƙarancin om da aka rubuta a jikin amfilifaya, ya sa a littafin kayan ofis.

2. Ya sa mai gyaran rediyo ya auna tsohuwar lasifika da mita, gama wasu motoci da om 2 su ke zuwa. Mita ta kan nuna ƙasa kaɗan: mai om 4 ta kan nuna wajen 3 da ɗoriya.

3. Ya dubi wat na aikin yau da kullum, wanda a ke rubutawa RMS, kada babban adadin jikin kwali ya ruɗe shi.

4. Wayar alamar tarawa ta tafi ga alamar tarawa a kowace lasifika. In aka juya ɗaya, murya ta kan siranta.

5. A cire wayar batir kafin a fara aiki, kada kuma a ɗaura amfilifaya ba fis kusa da batir.

6. A gwada ran Asabar. In murya ta fara kakkaryewa, a rage ƙara.

Hakimin da ya sa ido ga wannan ya tsare dukiyar jama'a, saƙonsa kuma ya isa inda aka nufa. Riga-kafi ya fi magani.