Rabon Karta a Wasan Foka: Yadda Za a Tashi Ba Rigima

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan karta ya san daga inda faɗa ke tsirowa. Wani ya ce ya hango kartar ƙasa, wani ya ce an tsallake shi, wani ya rantse goma ya zuba alhali biyar aka gani. In ka bi diddigi, kusan duka daga hannun mai rabo suke fitowa. A wasan foka abin ya fi tsanani, domin ban da karta akwai tulin da ake zubawa a tsakiya, kuma shi ma sai an yi masa lissafi.

Foka wasan Amurkawa ne. Ya yi tashe a garuruwan bakin kogin Misisifi a ƙarni na 19, kuma nau'insa da ya fi yaɗuwa yau shi ne Tekzas Holdem, wanda ake fafatawa da shi a babbar gasar duniya ta Las Vegas, gasar da aka fara a 1970. Samarinmu a waya da fina-finai suka gan shi. A can da kuɗi ake yi, wannan kuwa caca ce tsagwaronta, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta ta, kuma a Kano Hisbah na kama masu yin ta. Don haka maganata da masu wasa da marafan lemo ko ƙwallon dabino nake yi, waɗanda in mutum ya ci ba ya tashi da komai sai cika baki.

Kafin a fara, a cire joka, a ƙirga kartar a idon kowa, a tabbatar 52 ce. A raba marafa daidai wa daida, a kuma yanke darajarsu tun da wuri: misali fari ɗaya, ja biyar, kore ashirin da biyar. Sai a samu wata alama, ko mabuɗi ko zobe, a ajiye gaban wanda rabo ke kansa. Bayan kowane wasa alamar ta matsa zuwa na hagu, don kowa ya ɗanɗana.

Gauraya karta aiki ne, kada a yi masa riƙon sakainar kashi. Wasu masana lissafi biyu a Amurka, Dave Bayer da Persi Diaconis, sun nuna a 1992 cewa karta 52 sai an raba ta biyu an saƙa ta cikin juna kamar sau bakwai kafin ta cakuɗu sosai. Sau biyun da aka saba yi a gurguje ba ya isa, shi ya sa kake ganin kartocin da suka fito ɗazu sun sake dawowa tare. In hannunka bai ƙware ba, kife su a tabarma ka baza, ka juya su da tafin hannu biyu na ɗan lokaci, sannan ka tattara. A tebur ko tabarma ake gaurayawa, ba a ɗagawa sama, don kada a hango ta ƙasa. In ka gama, na damanka ya yanke.

Sai zubin dole. Wanda ke hagun alama shi ke da ƙaramin zubi, na hagunsa ya ninka, shi ne mai babban zubi. Daga nan rabo ya fara daga mai ƙaramin zubi, ana zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya, ɗaya-ɗaya, har kowa ya samu biyu a kife. Ka riƙa zame kartar ƙasa-ƙasa. In wata ta juya ta bayyana, kada ka tsaya: gama rabon, ka ba mai ita sabuwa, wadda ta bayyana kuma kowa ya gan ta, a ajiye ta gefe. Amma in ta farko ce ko ta biyu, ko in biyu suka bayyana, a tattara a sake.

Kartocin tsakiya biyar ne, kuma sau uku ake buɗe su: uku a haɗe, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Kafin kowace buɗewa a cire ta saman a ajiye ta a kife. Dalili shi ne, in bayanta na da tabo ko lanƙwasa, wani mai ido zai iya gane ta tun kafin a buɗe. Kada kuma a buɗe sai an kammala zubin wannan zagaye. A zagayen farko na hagun mai babban zubi ke fara magana, a sauran kuwa na farko a hagun alama cikin waɗanda ba su janye ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato tulin tsakiya. Kada ka bari kowa ya watsa marafansa cikin tuli. Kowa ya ajiye nasa a gabansa inda za a iya ƙirgawa, sai zubi ya yi daidai mai rabo ya janyo su tsakiya. Kowa ya furta abin da zai yi: na bi, na ƙara, na wuce, ko na janye. Abin da baki ya faɗa shi ke nan, ba warwarewa. Wanda ya tura babban marfi ɗaya bai ce komai ba, bi ya yi. Mai ƙari ya tura a tashi ɗaya, ban da ya zuba kaɗan ya dubi fuskokin mutane sannan ya ƙaro. Ƙari kuma ba ya gaza wanda ya gabace shi.

Abin da ya fi rikita sababbin hannu shi ne in wani ya zuba duk abin da ya mallaka amma bai kai na sauran ba. A ce mutum uku ne. Na farko ashirin kawai ya rage masa, ya tura duka, sauran biyun kowa ya zuba hamsin. Ɗauki ashirin-ashirin daga ukun, sittin ke nan, wannan shi ne babban tuli, kuma kowa na da haƙƙi a kansa. Talatin-talatin da suka rage, sittin su ma, a ware su gefe, tsakanin mutum biyun nan kaɗai ne. Ko na farko ya fi kowa karta, sittin ɗin farko zai kwashe, domin ba a cin abin da ba a zuba kwatankwacinsa ba. Wajen biya, da tulin gefe ake farawa.

In an zo buɗe hannu, wanda ya yi ƙarin ƙarshe shi ke fara nunawa. Karta biyar mafi ƙarfi cikin bakwai, wato biyun hannu da biyar na tsakiya, ake dubawa, kuma abin da karta ta nuna shi ne hukunci, ko da mai ita ya yi kuskuren faɗa. In an yi kunnen doki a raba biyu, marfin da ya yi saura a ba na farko a hagun alama. Ka miƙa wa mai nasara tulinsa tukuna, sannan ka karɓi kartarsa.

Mai rabo alƙali ne, saboda haka ba ya leƙen kartar da aka yar, ba ya ba kowa shawara, kuma yana faɗin kowane zubi da ƙarfi don kurma ma ya ji. A yanke lokacin tashi tun kafin a zauna, in an kira salla a kife karta. Ranar da wani ya ce a sa ko naira hamsin ce don wasa ya yi armashi, ɗan'uwa, tattara kartarka ka yi musu sai da safe.