Danshin Iska da Albasar Aliero: Daga Fangali Zuwa Rudu

Ƙasar Aliero ta Jihar Kebbi ta yi suna wajen noman albasa. Daga garin Aliero kansa har zuwa Jiga Birni, da fadamun Jega da na Maiyama, albasa ce babban abin da manoman rani ke dogaro da shi, kuma daga nan manyan motoci ke ɗaukar ta zuwa kasuwannin kudancin ƙasar nan. Sai dai akwai matsalar da ta daɗe tana ci wa manoma tuwo a ƙwarya. A lokacin girbi albasa na yin araha ƙwarai, don haka mai hali yakan ajiye tasa har ta yi tsada. Amma idan aka buɗe ma'ajiya bayan 'yan watanni, sau da yawa sai a tarar wata ta ruɓe, wata ta tsiro, wata ta motse. Mafi yawan wannan hasara na da alaƙa da wani abu da ido ba ya gani, wato danshin iska.

Mene ne danshin iska?

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa a siffar tururi. Yawan tururin da za ta iya ɗauka ya danganta da zafinta. A ɗauka an sami akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Idan zafin iskar da ke ciki digiri 20 ne a ma'aunin Salshiyas, iyakar tururin da za ta ɗauka bai wuce giram 17 ba. A digiri 30 za ta ɗauki kimanin giram 30, a digiri 40 kuwa kimanin giram 51. Masana kan kwatanta abin da iska ke ɗauke da shi da abin da za ta iya ɗauka, su faɗe shi bisa ɗari. Alal misali, iska mai zafin digiri 30 da ke ɗauke da giram 15, danshinta kashi 50 ne cikin ɗari.

Abin lura a nan shi ne, ko ba a ƙara ɗigon ruwa ba, kason danshi yakan hau da zarar iska ta yi sanyi. Waccan iska mai giram 15, idan dare ya yi zafinta ya sauka zuwa digiri 20, danshinta zai kai wajen kashi 87. Idan ya sauka zuwa digiri 17, ta cika ta batse, sai ta sauke rarar a kan ganye da ciyawa. Wannan ita ce raɓa.

Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kaɗowa ne daga arewa maso gabas, ta ratsa Sahara, ta iso a bushe. Da rana danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20, shi ya sa leɓe ke tsagewa, wanki kuma ya bushe nan da nan. A wannan lokaci ne albasar rani ke cikin fangali. Ganyen kowace shuka yana da wasu ƙananan ƙofofi da ba a ganin su sai da madubin ƙara girma, ta nan ruwa ke fita ya shiga iska. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon saurin fitar ruwan. Albasa kuwa saiwarta gajera ce, ba ta nitsewa ƙasa sosai, saboda haka ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mata amfani a kan a cika fangali sau ɗaya a bar shi kwana da kwanaki.

Bushewar tana da rana, domin cututtukan da funfuna ke haddasawa ba sa yaɗuwa sosai sai ganye ya daɗe a jiƙe. Amma tana da nata baƙin: wasu ƙananan ƙwari da masana ke kira Thrips tabaci, waɗanda ke ɓuya a matsatsin gindin ganye suna tsotse shi har ya yi fari-fari. Su zafi da bushewa suke so.

Bazara

Girbi kan faɗo ne a tsakanin ƙarshen hunturu da bazara, kuma a nan ake shirya nasara ko hasarar ajiya. Kusan kashi 89 cikin ɗari na nauyin albasa ruwa ne. Abin da ke tsare wannan ruwa shi ne busasshen ɓawo da kuma wuyan da ya ƙame ya rufe. Don haka ake dakatar da ban ruwa idan lawashi ya fara kwanciya, a yanke shi a bar ɗan wuya kamar tsawon gaɓar yatsa, sannan a shanya albasar a inuwa mai iska har wuyan ya bushe sarai. Ranar Afrilu kan ƙona albasar da aka bari a fili. Wanda ya yi gaggawar yanke lawashi ƙurmus alhali wuya na ɗanye, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa da hannunsa.

Damina

Da iska ta juyo daga kudu maso yamma, ɗauke da tururin Tekun Atilantika, sai al'amari ya sake. A watan Agusta danshi kan haura kashi 80, musamman da asuba. Albasar da ke cikin ma'ajiya kuwa ba matacciya ba ce, barci take yi. Tana numfashi, tana fitar da zafi da tururi. Bincike ya nuna cewa danshin da ya fi dacewa da ajiyarta shi ne kashi 65 zuwa 70. Idan ya yi ƙasa da haka sosai, ɓawo ya tsage, ta rage nauyi. Idan ya haura, saiwa ta fito, ga kuma baƙar funfunar nan mai kama da garin gawayi, Aspergillus niger, ta bazu a ƙarƙashin ɓawo. Zafin digiri 30 zuwa sama tare da danshi mai yawa shi ne abin da take nema, kuma daminar ƙasar Kebbi tana ba ta duka biyun.

Wani abin mamaki shi ne, zafi shi kaɗai ba abokin gabar albasa ba ne. Ta fi saurin tsirowa a matsakaicin sanyi, kamar digiri 10 zuwa 20, amma takan daɗe tana barci a kusa da digiri sifili ko kuma sama da digiri 25. Ke nan manomin Jiga Birni ba ya buƙatar ɗakin sanyi irin na Turai. Abin da yake buƙata shi ne iska ta riƙa ratsa tarin albasarsa tana kwashe tururin da take fitarwa.

Hikimar rudu ke nan. Ana yin sa da itace da kara, a ɗaga shi daga ƙasa, a rufe shi da ciyawa, iska ta shiga ta ƙasa da gefe. Inda ake samun matsala shi ne idan an tara albasa ta yi tudu har iska ba ta kai tsakiya, ko rufi na yoyo, ko an lulluɓe tarin da leda don gudun ruwan sama. Leda takan hana ruwan sama shiga, amma takan hana tururi fita. Da dare ya yi sanyi sai raɓa ta taru a cikinta ta ɗiga kan albasa. Haka nan tukunya cikin tukunya, wadda malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana da amfani ga tumatir da alayyafo, amma ba wurin ajiye albasa ba ce, domin cikinta cike yake da danshi.

Masu noman albasar damina su ma suna fama da funfunar Alternaria porri, mai yi wa ganye tabo ruwan shuni idan ya kwana a jiƙe. Rage cinkoso wajen dashe, don iska ta wuce tsakanin shuka, yana rage ɓarnarta. Wannan ka'ida ba ta tsaya ga albasa ba. A Turai akwai wata shuka mai dafi da ake kira Helleborus, wadda ke fure a tsakiyar sanyi. Ba ta jure zafin ƙasarmu, amma cutarta irin wannan ce: tabon ganye da ke yaɗuwa cikin danshi. Masu lambu a Ingila kan yanke tsofaffin ganyenta kafin fure ya buɗe, don kawar da funfunar da ke maƙale a jikinsu, iska kuma ta sami hanya.

Gwajin da za a iya yi a makaranta

Ba sai da na'ura mai tsada ake auna danshi ba. A sami ma'aunin zafi guda biyu iri ɗaya, a rataye su a inuwa. A naɗe gindin ɗaya da ƙyallen auduga, a tsoma bakin ƙyallen cikin ɗan kofin ruwa, a yi musu fifita na 'yan mintoci. Ruwan da ke bushewa daga ƙyallen zai sanyaya ma'aunin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Idan busasshen ya nuna digiri 30, jiƙaƙƙen ya nuna 28, danshi ya kai kimanin kashi 86. Idan jiƙaƙƙen ya nuna 25, kimanin kashi 67 ne, daidai da abin da albasa ke so. Idan ya nuna 20, kimanin kashi 40 ne.

Malami na iya raba ɗalibai gida biyu, kowane rukuni ya auna nauyin albasa goma lafiyayyu. Rukuni na farko ya ƙulle tasa a leda, na biyu ya zuba tasa a kwando ya rataye. Kowace Litinin a sake auna nauyi, a ƙirga waɗanda suka yi saiwa ko funfuna, a rubuta danshin safe da na azahar a littafi. A yi gwajin sau ɗaya a Janairu, a maimaita shi a Yuli, sannan a kwatanta shafukan biyu.