Harsashin Gida a Inda Ƙasa Ke Girgiza

Jama'a, ni malamin disfensare ne. Da wuya damina ta wuce ba a kawo mini wanda bango ya faɗa wa ba, wani da karaya, wani da rotse. In na je na duba ɗakin, sau da yawa sai in tarar ɓarnar daga ƙasa ta faro. Bangon da ruwan sama ya iya kayarwa kuwa, ba zai jure wa girgizar ƙasa ba.

Ina ruwanmu da girgizar ƙasa?

Gaskiya ne, Allah ya yi wa ƙasashenmu sauƙi, ba ta cika yin ƙarfi a nan ba. Amma a 1939 ta rusa gidaje da yawa a birnin Ankara na ƙasar Gana, har aka yi hasarar rayuka. A 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna, bangaye suka tsage. A 2018 mutanen Mpape ta Abuja suka ji irin wannan. A 2023 kuma ta kashe wajen mutum 3,000 a Maroko, yawancinsu mutanen ƙauyukan kan duwatsu ne masu ɗakunan ƙasa da dutse. Ku lura, yawanci ba motsin ne ke kisa ba, ginin da ya faɗo kan mutum ne.

A fara duba ƙasa

Ka ɗauki ƙwaryar tuwo da ta kunu, ka jijjiga su tare. Tuwo na nan inda yake, kunu kuwa sai ya yi ta tangaɗi. Haka ƙasa take. Fā da marmara kamar tuwo suke, fadama da jiƙaƙƙen rairayi kamar kunu. A 1985 birnin Meziko ya sha mummunar ɓarna, alhali tushen girgizar ya fi nisan kilomita 300 daga gare shi. Dalili, an gina tsakiyar birnin a kan laka, inda dā tafki ne.

Saboda haka kada a yi gini a kan kududdufin da aka cike, ko tsohon juji, ko bakin rafi, ko gindin dutsen da zai iya gangarowa. Kafin a aza harsashi, a haƙa ramin gwaji mai zurfin ƙafa 4, a ga irin ƙasar da ke ciki.

Harsashi iri huɗu

1. Na zallar ƙasa. Shi ne a share wuri a ɗora tubali, ko a ɗan haƙa taƙi guda. Ba shi cin kuɗi, amma damshi da gara suna cinye gindinsa. Bai dace da inda ƙasa ke motsi ba ko kaɗan.

2. Na dutse. Shi ya dace da ƙasa mai tauri da ɗaki marar bene. A haƙa har a wuce baƙar ƙasa da saiwoyi, zurfin kada ya kasa ƙafa 2. Faɗinsa ya kai kaurin bango ɗaya da rabi ko biyu. A yi kwaɓi da kwanon siminti 1, na yashi kada ya wuce 6. Kada a sa mulmulallen dutsen rafi sai an fasa shi, gama yakan mirgine. Bayan kowace ƙafa 3 ko 4 a gitta dogon dutse wanda zai ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, don ya ɗinke su.

3. Na kankare da rodi. Shi ya fi dacewa da ginin bulo da ƙasa mai matsakaicin ƙarfi. Awon kwaɓi shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A sa rodi 4 masu kaurin rabin inci, a ɗaure su da zobba. A yi ta ba kankaren ruwa har kwana 7, in ba haka ba ba zai yi ƙwari ba.

4. Na shimfiɗa. Wato a zuba kankare da ragar rodi a ƙarƙashin ɗakin duka, ya zama kamar faranti guda. Na ƙasa mai taushi ne, da baƙar lakar da ke dārewa da rani ta kumbura da damina, irin ta wajen Tafkin Cadi. Yana da tsada, kuma ba aikin kintace ba ne. Sai an nemi injiniya.

Dokoki uku

Ko wane iri ka zaɓa, ka kiyaye waɗannan.

Ta fari, harsashi ya kewaye ɗakin duka ba yankewa, har ƙarƙashin ƙofa da bangayen tsakiya. Kwando ba ya wargajewa don bakinsa a ɗaure yake. In da rodi, a lanƙwasa shi ya sha kwana, kada ya ƙare a kusurwa, gama daga nan bango ke fara rabuwa.

Ta biyu, duk ɗakin ya zauna a kan ƙasa iri ɗaya. Kada rabi ya hau fā, rabi ya hau ciko. In wurin gangare ne, a yanka gindin ramin hawa-hawa kamar matakala, kowane mataki a miƙe.

Ta uku, a ɗaga harsashi ya fi ƙasa da ƙafa 1 kafin a soma bango. A yi daɓe kewaye da ɗakin, a gyara indararo, ruwa ya riƙa zuba nesa.

Harsashi kaɗai bai isa ba. A bi kan ƙofofi da tagogi da ɗamarar kankare ko ta katako, ta kewaye ɗakin. Rufin ƙasa mai nauyi ya fi na kwano ko na ciyawa hatsari.

Mai gida, in kuɗinka bai kai ba, rage yawan ɗakuna, kada ka rage harsashi. Ana iya ƙara ɗaki baɗi, amma abin da aka binne a ƙasa ba shi gyaruwa sai da rushewa. Ranar aza harsashi ka tsaya da kanka, ka ƙidaya kwanonin da ake zubawa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa fadama ta fi marmara tangaɗi?
2. Wane harsashi ya dace da ƙasar garinku?
3. Ka zaga ɗakin da yaranka ke kwana. Akwai tsaga a kusurwa, ko zaizaya a gindin bango? In akwai, kira magini tun kafin ruwa ya sauka.